Wankin maƙogwaron mota: abin da ɗan kasuwa ya kamata ya sani kafin ya miƙa makulli a garaji

Duk wanda ya san Madarumfa ya san rayuwar kasuwancinta a kan taya take. Kifin da masunta ke fitarwa daga tafki, zogale da tumatir na fadamun Jiratawa, hatsi da dabbobin Gabi da Sarkin Yamma da Safo, babu wanda ke isa hannun mai saye sai mota ta ɗauka. Maraɗi na nan kilomita 20 da ƴan kai a arewa, da kasuwarta ta Litinin da Juma'a, ga kuma hanyar Ɗan Isa da ke faɗawa Jibiya da Katsina. Saboda haka lafiyar injin mota magana ce da ta shafi direba, ta shafi Alhajin da ya saye ta, ta kuma shafi uwarmu mai kwandon kifi da ta biya kuɗin lodi tun da asuba.

Akwai wata cuta da masu motocin esansi ke yawan kuka da ita a wannan yanki. Mota tana tafiya lafiya lau matuƙar ƙafar direba na kan totur, amma da zarar ya ɗaga ƙafa don ya ba shanu hanya, ko ya tsaya a shingen jandarma ko na duwan, sai inji ya kama kakkarwa, allurar ralanti ta yi sama ta yi ƙasa, daga nan ya mutu. Wani lokaci da safe ba ta tashi sai an danna totur. Wani lokaci kuma totur ɗin kansa ke yin tauri a farkon taku, sai an matsa da ƙarfi ya saki, mota ta zabura. Mai buhun gero zai iya jira a bakin hanya har la'asar. Mai ɗanyen kifi a watan Afrilu, sa'a biyu a rana ta isa ta cinye mata riba har da uwar kuɗi. Ban da wannan, kowa ya san halin da hanyoyin da ke kusa da dajin Baban Rafi suka shiga a ƴan shekarun nan, inda ba mai son motarsa ta mutu masa bayan faɗuwar rana.

Idan haka ta faru, abin da aka fara zargi shi ne mai. Sai ka ji ana cewa ai ruwa-ruwa aka sha a bakin hanya. Ba mu ce man kwalba ba shi da laifi ba. Mai da aka juye daga jarka zuwa jarka yakan kwaso yashi da ruwa, ya kashe famfon mai, ya toshe matatar mai da injekta. To sai dai a wannan cuta da muke magana, sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, man da ke tsallako iyaka ya yi tsada, masu motoci da dama suka koma gidajen mai suna shan na matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2011. Duk da haka motocin ba su fasa mutuwa a ralanti ba. Dalili kuwa shi ne, wurin da dattin ke taruwa, a mafi yawan motocin yanzu, ko ɗigon esansi ba ya bi ta cikinsa. Iska kawai ke wucewa.

Wannan wuri shi ne muke kira maƙogwaron inji. Makanikan da suka koyi aiki da Faransanci suna ce masa papiyon, wato malam-buɗe-littafi, saboda yadda ɗan faifan da ke ciki ke juyawa a kan sandarsa kamar fikafikai. Waɗanda suka koyo aiki a Katsina ko Kano sukan ce bakin injekta. Idan aka ɗaga murfin inji aka bi babban tiyon roba da ya taso daga akwatin matatar iska, inda ya je ya ƙare a jikin inji, nan ne. Bututu ne na alminiyom, faɗinsa bai wuce bakin kofin shan ruwa ba, a tsakiyarsa akwai faifan ƙarfe mai aikin ƙofa. Direba ya taka totur, ƙofa ta buɗe, iska ta shiga da yawa, ƙwaƙwalwar mota ta auna ta ta ba injekta umarnin fesa mai daidai da ita. Direba ya ɗaga ƙafa, ƙofa ta rufe, sai ƴar siririyar hanya da aka bar wa iska don kada inji ya shaƙe.

A nan ne kuskuren farko yake, domin da yawa daga cikin manyan makanikanmu sun buɗi ido ne da karbirato. Zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, da tsofaffin Starlet da Hiace, gyara ɗaya ne: a kwance karbirato, a tsoma shi cikin kwanon esansi, a goge, a hura, a mayar. Kuma yana yi, domin ƙarfe ne zalla, an ƙera shi don ya yi ta wanka da mai. Amma tun daga 1993 dokar hayaƙi ta ƙasashen Turai ta sa kamfanoni suka bar karbirato a sababbin motocin esansi, kuma daga can ne mafi yawan motocin da muke saye ke fitowa bayan sun sha aiki. Maƙogwaron motar injekta yana kama da karbirato a ido, yana zaune a wurin da karbirato ke zama, amma a jikinsa akwai na'urori masu aiki da lantarki waɗanda ba su shiri da tsomawa cikin mai. Akwai dai wasu motocin farkon shekarun 1990, irin wasu Golf da Opel da ƙananan Peugeot, masu injekta ɗaya tak da ke zaune a saman ƙofar, su kam mai yana bi ta wurin. Waɗannan sun yi ƙaranci yanzu.

To in mai ba ya bi, daga ina baƙin dattin ke zuwa? Mu yi lissafi irin namu na ƴan kasuwa. Kafin inji ya ƙona kilo 1 na esansi ƙonawa mai kyau, yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska. Idan aka mayar da shi ma'aunin lita, kowace lita 1 ta esansi tana tafiya da iska sama da lita 9,000, wato cikin duro 45 irin mai lita 200. Motar da ta sha lita 10 a jigilar yini ta zuƙi iskar duro 450, kuma duk ta wannan ɗan bututu ta wuce. Yanzu mai karatu ya tuna irin iskar da ke kan hanyoyin burji da na yashi na ƙauyukan Madarumfa, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da hunturu ke kaɗawa, ko in mota tana bin bayan wata. Matatar iska na tare mafi yawan ƙurar, amma in ta tsufa, ko ta yage, ko murfin akwatinta ya karye an ɗaure shi da roba, ƙura wucewa take yi.

Ƙura ita kaɗai da ba ta manne ba. Abin da ke kama ta shi ne tururin baƙin mai. Kowane inji yana da ƙaramin tiyo da ke kwaso tururin da ke tashi daga cikinsa ya mayar da shi hanyar iska don ya ƙone. Idan inji ya tsufa, ko an daɗe ba a yi bidanji ba, ko an cika baƙin mai ya wuce alama, wannan tururi sai ya yi yawa. Iyayenmu mata sun fi kowa sanin abin da ke faruwa idan tururin mai ya haɗu da ƙura, domin shi ne danƙon da ke kama bangon wurin suyar ƙosai da bayan kasko. Irinsa ne ke taruwa a gefen faifan, daidai inda ƴar siririyar hanyar iskar take. Da gudu ba a jin komai, don ƙofa a buɗe take. A ralanti ne inji ke neman numfashi ya rasa.

Kafin a taɓa komai, sai an san irin maƙogwaron da ke jikin motar, domin iri biyu ne. Na farko mai waya ne: wayar ƙarfe irin ta birkin keke ta taso daga ƙafar direba ta zo ta naɗe wani ɗan gargare a gefen bututun. Wannan ana iya juya gargaren da hannu, ƙofa ta buɗe, ba abin da zai same shi. A gefensa galibi akwai wata ƴar na'ura mai kula da iskar ralanti, wadda ita ma takan cika da danƙo, kuma sau da yawa ita ce mai laifin. Na biyu na lantarki ne, babu waya ko kaɗan, sai soket. A cikinsa akwai ɗan inji da haƙoran roba masu juya faifan bisa umarnin ƙwaƙwalwa. Yawancin Corolla da Camry da suka fito daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa sama irin wannan gare su. Shi wannan ba ya son a danna faifansa da ƙarfi, ballantana a sa masa turnabis a banƙare. Haƙori ɗaya ya karye, sai dai a nemo wani maƙogwaron gaba ɗaya, kuɗin da zai sayi gwangwanin wanki masu yawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Masu tsofaffin motocin gazuwal kuwa, irin Hilux da Hiace na da, galibinsu ba da wannan ƙofa injinsu ke daidaita gudu ba, saboda haka in an ce musu an wanke ta, su nemi a nuna musu.

Sai maganar wuta, wadda a ganinmu ta fi duk sauran muhimmanci, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A shiga kowane garaji a Maraɗi ko Ɗan Isa, da wuya a rasa garwashin shayi a gindin bishiya, ga mai walda a gefe, ga mai awara ko mai ƙosai ta kafa murhunta a bakin ƙofa saboda a nan masu saye suke. A tsakiyar wannan ne aparanti zai zuba esansi a buɗaɗɗen kwano ya hau wanki. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, ba ruwan esansin ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Wannan tururi ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya yake yi a ƙasa ya yi ta rarrafe ba a ganinsa, har ya kai ga garwashi, sannan wuta ta biyo shi da gudu ta dawo kan kwano da hannun mai wanki. Ƙasar nan ba ta manta da daren 5 zuwa 6 ga Mayu na 2019 ba, lokacin da tankar mai da ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai ta kama da wuta ana cikin kwasar mai, mutum fiye da 50 suka rasu nan take. Kwano ba tanka ba ne, amma halin tururin ɗaya ne.

Don haka muna kira ga mata masu sana'a a bakin garaji da tasha: duk lokacin da kuka ga an buɗe inji ana fesa wani abu, ko kuka ji warin esansi ya yi ƙarfi, kuna da haƙƙin ku ce a matsa da motar nesa da murhunku. Ba rashin kunya ba ne. Shi ma maganin wankin na gwangwani da muke ba da shawarar a yi amfani da shi, wuta yake kamawa kamar esansi, warinsa kuma na sa jiri da ciwon kai in an shaƙe shi a rufaffen wuri. A jikin gwangwanin an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50. A Afrilu da Mayu zafin inuwa kansa yana haura 40 a jahar Maraɗi, to ina ga cikin motar da aka rufe gilasanta a rana? Kada a bar shi a kan tablo ko ƙarƙashin kujera. Wata ɗabi'a da ya kamata iyayen gidan garaji su hana ita ce zuƙo mai da baki ta tiyo. Esansin da ya sarƙe yaro ya faɗa huhu yana iya kwantar da shi asibiti.

Aikin kansa ba mai tsawo ba ne in an bi shi a hankali. A ajiye mota a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da kowace wuta, a bar inji ya huce sarai. A kashe kontak, a zare makulli, mai aikin ya sa shi a aljihunsa, sannan a cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar ragi. Wannan ba don wuta kaɗai ba ne. A motar lantarki, idan yatsan aparanti na cikin bututu wani ya murɗa makulli ko ya taka totur, faifan na iya motsawa ya datse shi. Mu da aikinmu ke gidan rediyo dole mu ƙara da cewa wasu rediyoyin mota sukan kulle kansu idan aka cire batir, su nemi lambar sirri, to a tambaya tukuna kada direba ya wayi gari ba labarai.

Daga nan a sassauta maɗaurin babban tiyo a zare shi. Abin da ake buƙata shi ne gwangwanin da aka yi musamman don wankin papiyon, da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da tsohon buroshin haƙori. Maganin karbirato ya fi wannan kaifi, kuma wasu kamfanoni sukan shafa wani siririn rufi a cikin bututun don hana datti kamawa, har wasu motocin Ford suna da takarda a manne da ke gargaɗin kada a wanke. A fesa maganin a kan tsumma, a goge cikin bututun da gaba da bayan faifan, a fi ba da ƙarfi ga gefensa da zoben baƙin da ya zagaye inda yake rufewa. Inda ya yi tauri a bar magani ya jiƙa shi, sannan a bi da buroshi. Ba a sa buroshin ƙarfe, ba a sa takardar yashi, ba a kankare da wuƙa, domin in aka ci gefen faifan ko jikin bututun, iska za ta riƙa wucewa fiye da ƙima, kuma wannan ba shi da gyara. Kada magani ya taɓa soket, ko baƙin akwatin roba da ke manne a gefe, ko ya gangara ta sandar faifan ya shiga inda haƙoran suke. Na'urar awon iska da ke kan tiyo kusa da matata ita ma a bar ta, maganinta daban ne.

Ga na lantarki, makaniki mai kula yakan kwance shi gaba ɗaya, galibi noti 4 ne ke riƙe da shi, ya kai shi kan tebur ya goge ta gaba da baya ba tare da ya wahalar da faifan ba. In za a mayar a duba gasket ɗin da ke tsakaninsa da inji, in ya tsage a sa sabo, don kada iska ta riƙa satar hanya. Akwai kuma ɗan sukurun da ke tare faifan, wanda kamfani ya saita tun daga masana'anta, wani lokaci har da ɗigon fenti a kansa. Wasu sukan murɗa shi don ralanti ya hau, mai mota ya ji daɗi ya biya ya tafi, alhali dattin na nan, lissafin ƙwaƙwalwa kuma ya rikice. Haka nan masu fesa magani inji na aiki suna taka totur hayaƙi na tashi, abin yana da ban sha'awa a ido, amma bayan faifan ba ya fita, kuma inji na iya yin tari ya watso wuta ta baki.

Bayan an gama a bar shi ya bushe kamar minti 10 zuwa 15, a mayar da tiyo a ɗaure tam, a tabbatar kowane soket ya shiga, sannan a haɗa batir. Tashin farko yakan ɗan yi nauyi, da ɗan farin hayaƙi, wannan ba komai. Abin da ke jawo rigima tsakanin mai mota da makaniki shi ne ralanti ya haura sama bayan wanki, Alhaji ya ce an ɓata masa mota. Abin da ya faru shi ne, tsawon watanni ƙwaƙwalwar tana ƙara buɗe ƙofa kaɗan-kaɗan don ta rama abin da datti ya toshe, yanzu datti ya tafi ita kuwa ba ta sani ba. Yawancin Toyota sukan koyi sabon hali da kansu idan aka bar su suna aiki a tsaye na ɗan lokaci aka kuma yi tafiya da su. Nissan da yawa suna da tsarin saiti na musamman da ake bi, Volkswagen kuma galibi sai an sa musu na'urar bincike. Motocin Amurka tun daga 1996, na esansin Turai kuma tun daga 2001, duk suna da soket ɗin da ake jona wannan na'ura galibi a ƙarƙashin sitiyari. Mai irin waɗannan motoci gara ya tambaya tun kafin a kwance: Malam, in ralanti ya hau, kana da abin saita shi, ko sai mun tafi Maraɗi? In amsar ita ce sai Maraɗi, to a kai aikin can, kuma kada a yi shi a daren da za a wayi gari kasuwa.

Ba kowace kakkarwa ce ta maƙogwaro ba. Buji da ya mutu, tiyon da ya tsage yana shan iska, famfon mai da ya gaji, duk suna kawo alamu masu kama da wannan. Hajiyar da ta sayi mota ta ba direba yana mata jigila ba sai ta iya riƙe sifana ba kafin ta kare kuɗinta. Ta ce a zare tiyon a gabanta ta leƙa da fitilar salula. In ta ga baƙin zobe mai danƙo a gefen faifan, wanki ya kama. In ta ga ƙarfe na ƙyalli, to cutar na wani wuri, kada ta biya kuɗin wankin abin da ba shi da datti. Ta kuma sa yatsa ta shafa cikin babban tiyon. Idan ta ji gari-gari kamar yashi, ƙura na tsallake matata, kuma ko an wanke yau, kafin wata biyu za a koma gidan jiya.

Ita matatar iskar takarda ce, ba a wanke ta da ruwa ko esansi. Ana iya kakkaɓe ta, ko a hura mata iska a hankali daga ɓangaren da ke da tsabta zuwa waje, amma iskar kwamfireso mai ƙarfi tana huda ta ƙananan ramukan da ido ba ya gani. A ɗaga ta sama a duba ta da hasken rana, in akwai inda haske ke ratsowa kamar tsinin allura, ko robar gefenta ta saki, a canja. Adadin kilomitan da aka rubuta a littafin mota an yi shi ne don titunan kwalta na ƙasashen da aka ƙera ta. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Gabi da Madarumfa da hunturu, a buɗe akwatin matatarta a duba duk lokacin da aka je bidanji.